Jawabin Girmama Janar Yakubu Gowon



Yau muna gode wa Allah domin Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara da ya tashi a Wusasa. Ya shiga soja a 1954, ya shugabanci Najeriya daga 1966 zuwa 1975. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, iko duka yana hannunsa, amma bai rama ba. Ya yi afuwa ga waɗanda suka yaƙe shi, ya karɓe su a matsayin 'yan'uwa.

To, mu fa, wa muka riƙe a zuciya har yau? Ba mu da yawa. Ƙiyayya za ta cinye mu. Mu sulhunta kafin mu zo teburin Ubangiji.

Allah ya saka masa da alheri. Amin.