Kafin Ka Tafi Aiki Ƙasar Waje



Yau maganarmu a kan dillalai ce, masu shigowa ƙauyuka suna ɗibar matasa zuwa aiki a Saudiyya da wasu ƙasashe.

Da farko, Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana kowa ɗibar 'yan Nijeriya zuwa aiki a waje sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Duk dillalin da ya zo, ku ce ya nuna nasa.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya: irin aikin, albashi, tsawon lokaci, da wanda zai biya kuɗin komowa gida. Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba ka karanta ba. In da Larabci take, a fassara maka.

Na uku, idan ka isa can, dokar ƙasarsu ce ke kanka. Bizar Umara ba ta aiki ba ce. Wanda aka kama yana aiki da ita, za a koro shi gida. Fasfonka kuma ya zauna a hannunka.

In kun ga alamar yaudara, ku sanar da hakimi ko ofishin NAPTIP da ke Sakkwato. Karatun da kuke koyo a aji, ga ranarsa ta zo.

Allah Ya kiyaye mana 'ya'yanmu.