Jawabi ga Hakimai da Malamansu a kan Ruwan Rini



Kowa ya san rini tsohuwar sana'armu ce. Marinan Ƙofar Mata a Kano da baba da toka suka gaji aiki. Amma a 1856 wani Bature, William Perkin, ya haɗa launi na farko daga kwaltar gawayi a Ingila, yau kuwa irin wannan launi na kanti shi ya cika kasuwa. Yawancinsa ba ya ruɓewa da wuri. In an zubar da ruwansa a lambatu, sai ya gangara rafi, ya tare wa tsiron ruwa haske, ya kai ga lambu da mashayar dabbobi.

To, ga dabarar da masana suke gwadawa. Akwai wata farar hoda ta ƙarfen titaniyam, wadda ake sawa a farin fenti. A 1972 Fujishima da Honda na ƙasar Japan suka nuna tana iya raba ruwa in haske ya same ta. Daga baya aka gane haske na sa ta farfasa launi, ita kuwa ba ta ƙarewa. Wahalar ita ce tsamo ta daga ruwa, gama ta fi gari laushi.

Saboda haka sai aka kaɗa ta da ƙarfin lantarki, ta zama zare wanda ya fi gashin kai siranta ninki ɗari ko fiye, aka cusa masa ƙurar baƙin ƙarfe mai bin maganaɗisu. In ya gama aiki, sai a kawo maganaɗisu ya tattaro shi, a wanke, a sāke amfani da shi.

Amma kada a yi gaggawa. Yawancin wannan aiki yana ɗakin gwaji tukuna, hodar kuma ɗan kaɗan ne na hasken rana yake motsa ta. Gushewar launi kuwa ba shaida ce ruwa ya shawu ba.

Kafin dabarar ta iso, ga abin da muke roƙo. Kowane hakimi ya sa dagatansa su ƙidaya marinan ƙasarsa. Malamai su rubuta inda kowace take zubar da ruwanta, da nisanta daga rijiya. A yi wa marina magana da lalama, gama abincinsu ke nan, a nuna musu wurin zubarwa nesa da rijiya da rafi. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.