Ranar da Aka Rufe Layi: Matsayinmu kan Ikon Gwamnati a kan Intanet



An nemi mu yi magana a kan dokokin da gwamnati ke kafawa game da intanet. Wani zai ce wannan batu na lauyoyi ne da 'yan jarida, me ya kai malamin aji ciki? Amsarmu tana cikin abin da ya faru a shekarar 2021, wanda da yawanmu ganau ne a kansa, ba jiyau ba.

A ranar 1 ga Satumba na wannan shekara, 'yan bindiga suka kutsa makarantar sakandare ta Kaya a ƙaramar hukumar Maradun, suka kwashe ɗalibai fiye da 70. Kafin wannan an yi na Ƙanƙara a Disambar 2020, an yi na Jangebe a Fabrairun 2021, inda aka tafi da 'yan mata 279. Kwana biyu bayan na Kaya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umurci kamfanonin waya su rufe layukansu a dukkan jihar Zamfara, bisa roƙon gwamnatin jihar. An ce mako biyu za a yi. Sai da aka shafe kusan wata uku kafin layi ya dawo a yawancin sassan jihar. A tsakanin haka matakin ya bazu zuwa ƙananan hukumomi 13 na Katsina, da wasu sassan Sakkwato da Kaduna.

Dalilin da aka bayar ba na raini ba ne. An ce masu kai wa 'yan bindiga labari da waya suke aiki, kuma da waya ake cinikin kuɗin fansa. Mu da aka sace wa ɗalibai daga cikin aji, ba mu ne za mu yi wa batun tsaro riƙon sakainar kashi ba. Da yawanmu mun yi maraba da matakin a makon farko, muna fatan a nan wahala za ta yanke.

Amma mu tuna abin da ya biyo baya. Albashin malami ta banki yake shiga, kuma na'urar cire kuɗi ta mai shago ba ta aiki sai da layi. Malami ya riƙa biyan kuɗin mota, ya bi hanyar da kowa ke tsoro, don ya je inda zai ga ko albashi ya shigo. Ɗalibin da ya gama sakandare ba shi da hanyar duba sakamakonsa ko matsayin neman gurbinsa, domin tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, kuma harkokinta ta intanet da saƙon waya ake yin su. Mafi muni, ƙauyen da aka kai wa hari da dare ba shi da yadda zai kira ɗauki. Wayar da aka hana ɗan leƙen asiri, ita ce aka hana uwar da ke neman labarin ɗanta.

A cikin wannan shekarar dai, ranar 4 ga Yuni, Ma'aikatar Yaɗa Labarai ta sanar da dakatar da Twitter, bayan kamfanin ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ba a ɗage dakatarwar ba sai 13 ga Janairun 2022, bayan wata bakwai. A Yulin 2022 Kotun ECOWAS ta yanke hukuncin cewa matakin ya saɓa wa doka, kuma ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki. Abin lura a hukuncin shi ne, kotu ta nemi a nuna mata dokar da aka dogara da ita, aka kasa. Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin karɓar bayani da isar da shi. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro, amma ta hanyar doka, ba ta hanyar sanarwa ba.

A nan matsayinmu yake. Ba mu ce gwamnati ta naɗe hannu ba. Mun ga yadda jita-jita a WhatsApp ke watse makaranta cikin sa'a guda, mun ga yadda ake sayar da amsoshin jarrabawa na ƙarya, mun ga yadda ake ɓata sunan yarinya da hoto ɗaya. Wuri irin wannan yana bukatar doka. Abin da muke cewa shi ne, ikon da ya kai a yanke sadarwar miliyoyin mutane bai kamata ya rataya a kan takarda ɗaya tsakanin ofis da ofis ba.

Don haka muke ba reshe shawarar ya miƙa wa uwar ƙungiya waɗannan bukatu. Na farko, duk umurnin rufe layi ya fito a rubuce, a bayyana shi ga jama'a, a faɗi yankin da ya shafa da ranar da zai ƙare. Na biyu, kada a tsawaita shi sai da amincewar majalisa ko kotu, bayan hukumomin tsaro sun bayyana abin da rufewar ta samar. Na uku, a tanadar wa makarantu da asibitoci hanyar kiran gaggawa kafin a rufe, kuma hukumomin jarrabawa su ƙara wa'adi ga yaran yankin da abin ya shafa. Yaron Shinkafi bai yi laifin da zai sa yaron Legas ya riga shi shiga jami'a ba.

Akwai kuma batun da ya shafi bakinmu. Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, a yadda yake da farko, ya mai da saƙon da ya ɓata wa wani rai ko ya ci mutuncinsa laifi, mai hukuncin da zai kai ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan bakwai. An yi masa gyara a 2024, aka rage faɗinsa, amma har yanzu ana kama mutane da sunansa. Malamin da ya rubuta cewa rufin ajinsa ya yaye, ko albashinsa ya makara, ya kamata ya san cewa ƙungiya na bayansa. Shi kuma ya rubuta abin da ya gani da idonsa, da kwanan wata da hujja, ya guji zagi. Wanda ya riƙe gaskiya ya fi sauƙin karewa.

'Yan uwa, idan majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a kan irin waɗannan dokoki, kamfanoni na tura lauyoyinsu, 'yan jarida na tura wakilansu, kujerar malami kuwa sau da yawa babu kowa a kanta. Idan ana rabon tuwo ba ka nan, kada ka yi ƙorafin ƙanzo. Muna roƙon kwamitin reshe ya tattara bayanan abin da rufewar 2021 ta jawo wa makarantunmu, tun masu shaida suna tunawa, domin mu isa zama na gaba da takarda a hannu.

Allah ya ba mu zaman lafiya, ya tsare mana ɗalibanmu.