Yadda Muka Gina Kunshin Umarni Na Karɓo Bayanan Yanayi



An nemi mu yi bayani a kan ɗan aikin da muka yi cikin hutun da ya wuce. Iyayenmu da suka ga farin 1973 ba sa bukatar a gaya musu muhimmancin sanin lokacin da ruwa zai sauka. A yau kuwa akwai cibiyoyi da ke hasashen yanayi, suna kuma bayar da shi ta intanet. Ɗaya daga cikinsu ita ce Open-Meteo, wadda ke tattaro hasashe daga manyan hukumomi irin su NOAA ta Amurka da DWD ta Jamus. Idan ka aika mata lambobin latitud da longitud na wuri, misali 12 da 8.5 na Kano, sai ta maido maka da zafi da ruwa da iska na kowace awa, cikin tsarin rubutu da ake kira JSON.

To, ina wahalar take? Wahalar ita ce duk mai son amfani da wannan bayani tilas ne ya koyi yadda ake tsara tambayar, da yadda ake warware amsar. Saboda haka muka rubuta kunshin umarni cikin harshen kwamfuta na Python, domin wanda ya zo bayanmu ya rubuta layi ɗaya, kunshin ya ɗauke masa sauran ɗawainiyar.

Darasi na farko da muka koya a kan lokaci ne. Cibiyar tana bayar da sa'o'i bisa agogon GMT muddin ba a nemi wani ba, alhali kuwa agogon Nijeriya yana gaba da shi da awa ɗaya. Ba mu lura ba, sai kunshinmu ya riƙa nuna kowane abu awa ɗaya kafin lokacinsa. Laifin namu ne, mun kuwa gyara.

Darasi na biyu ya fi nauyi. Wani lokaci ma'auni yakan zo fanko, wato babu bayani. Da farko mun sa kwamfuta ta ɗauki fankon a matsayin sifili. Jama'a, ku dubi haɗarin wannan. “Ba a samu bayani ba” daban, “ba za a yi ruwa ba” daban. Idan malamin gona ya dogara da wannan sifilin ƙarya, ya ce wa manomi ya shanya hatsinsa a fili, ruwa ya zo ya dake shi, wa za a kama? Yanzu kunshin yana faɗa a sarari cewa bayani ya yanke.

Na uku shi ne ladabin tambaya. Hasashen GFS na NOAA sau 4 kawai ake sabunta shi a rana, kowace awa 6. Ashe babu amfanin damun cibiya kowane minti. Mai yawan tambaya lamba 429 ake maido masa, ma'anarta ya dakata. Don haka muka sa kunshin ya adana amsar da ya samu, idan kuma intanet ta yanke ya ɗan jira kafin ya sake nema.

Sa'an nan muna gargaɗi: hasashe ba wahayi ba ne. Na gobe da jibi ya fi na mako biyu inganci, kuma bai maye gurbin sanarwar NiMet ba, wadda ita doka ta ɗora wa wannan aiki a ƙasarmu.

Abin da ya rage shi ne mayar da sakamakon cikin Hausa mai sauƙi. Masu karatun harshe da masu karatun aikin gona, ƙofa a buɗe take, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.