Fim Ne Kawai?

Karatu: Yohanna 9:1-7; 1 Timoti 5:1-4

Yau hirarmu a kan kallo ce.

Kowannenmu yana da ra'ayi a kan fim, ba ma kuwa ɓoye shi. Wani ya ce na Indiya rawa ta yi musu yawa. Wata ta ce na Kano ba ruwanta da su, ko da yake da Hausar nan take addu'a safe da yamma. Matasa kuwa sai su yi ta gardama a kan mawaƙan Legas har tuwo ya huce. Duk wannan hira ce, ba laifi. Amma akwai wani irin fim da kusan dukanmu muka sa wa albarka ba tare da mun auna shi ba. Shi ne wanda ake nuna mayu da matsafa tun daga farko, sa'an nan a minti goma na ƙarshe fasto ya shigo riƙe da Littafi Mai Tsarki, ya tsawata, wuta ta sauko. Sai mu ce, "Wannan namu ne, yara ku zo ku gani."

Irin wannan fim ya daɗe. A 1992 aka fitar da Living in Bondage da harshen Ibo, labarin wani da ya ba da matarsa ga 'yan tsafi domin ya yi kuɗi, daga baya ya sami kuɓuta a cikin ikkilisiya. Ya yi kasuwa ƙwarai, sai wasu suka bi sahu. A 1999 aka yi End of the Wicked, inda aka nuna ƙananan yara suna fita da dare zuwa taron mayu. Da kaset muka fara kallo, muka koma faifai, yanzu kuma abin yana cikin wayar da ke aljihun yaro.

Ku dubi abin da ya faru a Jihar Akwa Ibom. An yi ta kiran yara mayu, ana dukansu, ana korarsu daga gidajen iyayensu, har a 2008 gwamnatin jihar ta yi dokar da ta hana a laƙaba wa yaro maita. Mutane da yawa sun ce irin waɗannan finafinai suna da nasu kashi na laifin. Waɗanda suka kori yaran kuwa, yawancinsu masu zuwa sujada ne ranar Lahadi.

To, mu fa? A finafinan nan, wa ake ba matsayin mayya? Tsohuwa ce ta ƙauye, gwauruwa, haƙoranta sun zube, ba ta jin Turanci. Ku ɗaga ido ku duba tsakar gida. Ai kamannin kakarmu ke nan! Yaron da ya ga fim ashirin irin wannan, in aka aike shi ya kai wa kaka abinci a ɗakinta, da wane ido zai dube ta? Mu manya ma ba mu tsira ba. Jariri ya yi zazzaɓi, maimakon a kai shi asibiti a gwada jininsa, sai a fara raɗa. Tsufa ya sa wata ta rikice, tana fita da dare tana kiran waɗanda suka riga mu, sai a ce ta tona kanta. Alhali cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda likitoci suka sani. A 2023 citta ta ruɓe a gonaki daga Kachia har Jaba, masana aikin gona suka ce cuta ce ta kama ta, ba hannun kowa.

Almajiran Yesu ma sun yi irin tunaninmu. Da suka ga mutumin da aka haifa makaho, nan da nan suka shiga neman mai laifi, ko shi, ko iyayensa. Ubangiji ya ƙi duka biyun. Ya kwaɓa ƙasa, ya shafa masa a ido, ya aike shi ya wanke a Siluwam, mutumin ya komo yana gani. Su suna neman wanda za su nuna wa yatsa, shi kuwa ya tsaya a kan mai wahalar.

Kada wani ya ce muna musun ikokin duhu. Afisawa 6 ta faɗa mana akwai kokawa, amma ta kuma ce ba da 'yan adam muke yinta ba. Manzo Bulus ya umarci Timoti ya ɗauki tsofaffin mata kamar iyaye, ya girmama gwauraye, ya ce kula da su hakki ne a kan 'ya'ya da jikoki. Fim ɗin da ya bar yaro yana tsoron kakarsa ya saɓa wa wannan, ko sau nawa aka ambaci sunan Yesu a ciki.

Iyaye, ba mu ce ku fasa talabijin ba. Ku zauna ku kalla tare da su. In an gama, ku tambayi yaro: me ya sa kullum matalauciya ce mayya? Ku gaya masa kuma kakar nan tasa ce ta goya babansa zuwa Zumuntar Mata. Sa'an nan ku aike shi wurinta ta koya masa waƙa guda da yarenku, ko Jju ne, ko Tyap, ko Hyam, tun tana da rai.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka tsare idanunmu da bakunanmu, ka ta'azantar da tsofaffin da aka yi wa ƙazafi, cikin sunan Yesu. Amin.