Ƙibar Yara da Ciwon Zuciya: Abin da Bincike Ya Nuna



A wurinmu, idan yaro ya yi ɓul-ɓul akan ce ya sami kyakkyawan reno. To, masana sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari, kuma abin da suka gano ya cancanci kowane uba da uwa su kasa kunne.

A shekarar 1973 likitoci suka fara auna yaran garin Bogalusa na Amurka, suka yi ta bin su har girmansu. Da suka bincika gawarwakin waɗanda suka rasu da ƙuruciya, sai suka tarar kitse ya riga ya fara taruwa a bangon jijiyoyin jini, kuma ya fi yawa ga masu ƙiba da masu hawan jini. Wannan kitse shi ne yake ƙuntata hanyar jini sannu a hankali, har zuciya ta kasa samun rabonta.

A 2007 kuma aka bayyana sakamakon bincike a kan 'yan makaranta fiye da 270,000 na ƙasar Danmak. An ga cewa gwargwadon ƙibar yaro tsakanin shekara 7 da 13, gwargwadon haɗarin ciwon zuciya bayan ya manyanta.

Amma kada a fid da rai. A 2011 masana suka haɗa binciken Amurka da Ostareliya da Finlan, suka tarar yaron da ya rabu da ƙiba kafin ya girma, haɗarin da ke kansa ya yi daidai da na wanda bai taɓa yin ƙiba ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 1990 kashi 8 cikin ɗari na yara masu shekara 5 zuwa 19 ne nauyinsu ya wuce kima. A 2022 sun kai kashi 20. Mu a Nijeriya muna fama da tamowa, ga kuma ƙiba tana shigowa birane.

Saboda haka a shayar da jariri nonon uwa zalla har wata 6. A rage lemon kwalba da alewa da soye-soye, a yawaita wake da ganye da 'ya'yan itatuwa. A bar yaro ya yi wasan guje-guje aƙalla awa guda kowace rana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya. Wassalam.