Daga Aji Zuwa Fadama: Turanci, Karatu da Noman Lambu a Zazzau

Lacca ce da aka gabatar gaban malamai, ɗalibai da manoman lambu a cikin Birnin Zariya.



Duk wanda ya bar cikin ganuwa da sanyin safiya a watan Janairu ya gangara fadamar Galma ko bakin Kubanni, zai tarar da injinan ban-ruwa suna kuka, samari suna dashen tumatir da albasa, wasu suna ɗibar tattasai da latas. A gefen kusan kowane lambu kuma akwai kwalbar maganin feshi. A jikinta an rubuta abubuwan da rai da dukiya suka rataya a kansu: yawan maganin da za a zuba a tankin goyo, kwanakin da za a jira kafin a ɗebi amfanin gona, da abin da za a yi idan maganin ya shiga ido ko ciki. Galibi da Turanci ake rubuta su, da ƙananan haruffa. Manomin da ya fi kowa sanin ƙasarsa sai ya auna da murfin kwalba, ko ya dogara da abin da mai shago ya faɗa masa. Wani lokaci a yi feshi yau, jibi kwanduna su hau mota zuwa kasuwar Mile 12 a Legas.

An ga illar wannan giɓi a 2016, lokacin da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir a Kaduna, Kano, Katsina da Jigawa, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu. Asalin ƙwaron daga Kudancin Amurka yake, kuma an fara ganinsa a Sifaniya a 2006. Ke nan masana sun yi shekaru suna rubutu a kansa kafin ya iso nan. Sun san tsutsar tana shigewa cikin ganye inda feshi ba ya kai mata sosai, sun san maimaita magani iri ɗaya yana sa ta saba da shi, sun san amfanin tarko da ƙone ragowar shuka bayan an gama ɗiba. Ilimin yana nan a rubuce da Turanci, manomi kuwa yana ta ƙara ma'aunin magani, kuɗinsa na ƙonewa.

Wa ya kamata ya tsaya tsakanin takardar da manomin? Ɗalibin aikin gona ne. Zariya kuwa ba ta rasa gidajen horar da shi ba. Tun 1922 ake binciken noma a Samaru, kuma da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 cibiyar binciken ta koma ƙarƙashinta. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Samaru, akwai hukumar NAERLS mai isar da sakamakon bincike ga manoma. Ɗalibin da ya shiga irin waɗannan wurare yana koyon renon iri, dashe, auren mangwaro da lemo, da tsarin ban-ruwa. Amma kafin duk wannan sai ya ci Turanci a jarrabawar WAEC ko NECO, sannan a shekarar farko ya zauna darasin Turanci na gama-gari. Wanda sakamakonsa bai cika ba yakan bi ta makarantar share fage, irin wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke da ita a Funtuwa.

Malaman da ke koyar da darasin Turanci sun san abin da suke gani. Ɗalibai ɗaruruwa a zaure ɗaya, malami ɗaya da lasifika. Yaro ya iya furta kowace kalma a shafi, amma a ce ya rufe littafin ya faɗi abin da shafin ke nufi, sai ya yi shiru. Da jarrabawa ta matso sai ya koma hadda, ya ci, ya manta. Wannan ba rashin basira ba ne. Yaron da ya iya lissafin ribar kwando hamsin a ka, ba daƙiƙi ba ne. Tun a firamare aka haɗa masa wahala biyu lokaci guda: koyon karatu, da koyon harshen da ba ya ji a gida. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu a Turanci ba.

Birnin nan ya daɗe da sanin haka. A zaurukan malamai na Unguwar Juma da Kona, almajiri yakan karanto jimla da Larabci, malam ya fassara masa da Hausa gaɓa-gaɓa, kuma ba a wucewa gaba sai ma'ana ta zauna. Da haka aka yaye malaman fiƙihu da nahawu waɗanda ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba. A ɓangaren boko ma, a Zariya Hukumar Talifi ta zauna, a nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. A shekarun 1950 littattafan Yaƙi da Jahilci daga nan suka bazu a Arewa, magidanta suka koyi karatu da harshensu, da 'yan littattafai masu magana kan noma da lafiya.

Saboda haka ga abin da wannan lacca ke roƙo. Na farko, duk ɗalibin da ya shigo kwaleji a zaunar da shi ya karanta shafi ɗaya da Hausa, ɗaya da Turanci, ya yi bayaninsu da baki. Waɗanda suka yi rauni a ware musu ƙananan azuzuwan inganta karatu, inda malami zai ji muryar kowa a kowane mako.

Na biyu, malamin Turanci da malamin noman lambu su tsara darasi tare. Abin karantawa ya zama takardar jikin kwalbar magani, bayanin da ke bayan fakitin iri, da rahoton gwajin ƙasa. Abin rubutawa ya zama littafin lissafin lambu da wasiƙar neman rance. Nahawu zai fi zama a kan yaro idan ya ga kuskuren jimla ɗaya na iya ƙone masa kadada guda.

Na uku, kada a ba ɗalibi shaidar kammalawa sai ya mayar da wani bayanin fasaha zuwa Hausa a shafi guda, da boko da ajami, ya je fadama ya karanta wa manoma, su yi masa tambayoyi, malaminsa na tsaye yana ba da maki.

Masu unguwanni da ƙungiyoyin matasan cikin birni su ma suna da rawar takawa. Zaure ɗaya a kowace unguwa, bayan sallar isha'i sau biyu a mako, ya isa ɗaliban Samaru 'yan asalin unguwar su zauna da ƙannensu da iyayensu manoma, kowa ya zo da kwalbar da yake feshi da ita a karanta tare. Watan Oktoba ya fi dacewa a fara, kafin a zuba irin noman rani.

Allah ya ba da ikon aiwatarwa.